Yadda Za Ki Tsufa a Ɗakin Aure Ba Ki Taɓa Gamsuwa Ba

'Yar'uwa, in kika bi matakan nan, na yi miki alkawari za ki goya jikoki ba ki san abin da mata ke kira kawowa ba. Maƙwabciyata tela ta yi shekara da shekaru a kansu lafiya lau, sai da ta yi ganganci.

1. Ki zama baƙuwa a jikinki

Tela ta san awon ƙugun kowace mace a layinmu, amma ba ta san inda jikinta ke amsawa ba. Haka ake so. Mace mai kunya ba ta bincike.

2. Ki iya nishi

Da kin ji maigida ya kusa sauka, ki ja numfashi, ki damƙe zanin gado. Ita tela a lokacin take tunanin zaren da za ta sayo gobe.

3. Ki yaba

In ya ce, "Yaya dai?" ki ce, "Ai ka gama da ni." Zai juya ya kama minshari. Ke kuma ki kalli fanka, ita ma juyi take yi ba ta isa ko'ina.

4. Ki guji yayarki

Nan tela ta fara lalacewa. Yayarta ta zo gwajin riga, ta ji labari, ta ce, "Ke bakin nan naki na riƙe allura ne kawai? Mijinki ba boka ba ne, ki gaya masa."

5. Kada ki buɗe baki

Ita ta buɗe. Ta riƙe hannun mijinta, ta ce, "Baban yara, a hankali. Ba nan ba, nan."

Ya ce, "Duk shekarun nan fa?"

"Ƙarya nake yi maka."

Ya yi kwanaki ko gaisuwarta ba ya amsawa sosai. Har ta fara tunanin inda za ta kai kayanta. Sai ranar nan da rana tsaka ya tura ƙofa, ya zauna bakin gado kamar ɗan koyo, ya ce, "To, nuna mini."

6. Ki dubi ƙarshenta, ki ji tsoro

Yanzu ba ta buɗe shago da wuri. Tana dariya ita kaɗai a kan keken ɗinki. Rigata ma a baibai ta sa mata hannu.

Gargaɗi: wadda ta yi akasin wannan, ba ruwana da makararta wurin aiki, ko tambayar yara me ya sa aka kulle ƙofa. Wadda kuma ta bi shi sau da ƙafa, kada ta zo mini da kuka. Ni ma ban bi ba.