Mudi da Kwalbar Gyaran Hanji

A garin nan da zarar ka kwanta ciwo kowa ya zama likita, har wanda bai iya karanta kwalin farasitamol ba. Maƙwabciyarmu Goggo Yalwa ce ake yi wa ƙarin ruwan maganin ciwon daji duk bayan sati uku. Maganin ya birkita mata ciki, ga amai ga gudawa, ko kunu da ƙyar yake zama. Likita ya ja mata kunne kada ta sha komai da sunan magani sai ya gani, don in cikin ya ƙara lalacewa dole a ɗage ƙarin ruwa na gaba. Ana haka sai ga ɗan ƙaninta Mudi ya zo dubiya, riƙe da wata kwalba mai hoton hanji yana murmushi. Mudin nan tela ne, amma tunda ya shiga sahun masu tallar ƙwayoyin gina jiki a waya ya ce a riƙa kiransa Dokta. Abin haushin, 'yan dubiya har gyara zama suke yi in zai yi magana.

Ya ce, "Goggo, wannan katanga ce ga hanji. Likitocin nan sun san shi, baƙin ciki ne ya hana su faɗa."

Bai rufe baki ba ya yamutsa fuska, ya nemi buta, ya fita da sauri. Ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Kafin la'asar sau huɗu yana zagayawa, kuma bai fasa tallar ba.

Goggo ta ce, "To ɗan nan, ajiye. Ran Talata zan nuna wa likita."

"Haba Goggo! Wane likita kuma ga ni zaune? Ni kaina uku nake haɗiya kullum, wata guda ke nan. Wannan zaryar da kika gani, dattin ciki ne ke fita. Buɗe baki kawai ki yi bisimilla."

Goggo ta dubi kwalbar, ta dubi butar da ke gefen ƙafarsa, sannan ta ce wa 'yarta:

"Ladiyo, ɗaga ni ki shimfiɗa wa Dokta gadon nan. Ni mai ciwon daji sau biyu na zagaya yau, ashe mu ya kamata mu je dubiya."