Yadda Za Ka Sayar da Gidan da Shagonsa Ya Hau Kwata

Gidan ya sayu, mai shi kuma bai yi rantsuwar ƙarya ba. Atiku ne, direban motar haya a Kaura Namoda, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Shagon da ya liƙa wa gidan ba da izinin kowa ba ya toshe kwatar unguwa, har ma'aikatan tsara gari suka shafa masa jan fenti, alamar rusau. Bi sawunsa, naka ma zai sayu.

1. Rufe jan fentin
Kada ka shafa farar ƙasa a wurin kaɗai, ido zai je. Atiku ya sa aka rubuta "A Ji Tsoron Allah" a kai da manyan baƙaƙe. A shekarar nan babu mai ƙarfin halin kankare wannan rubutu.

2. Nemo mai saye daga nesa
Ɗan unguwa ya ga ranar da aka zo da fenti. Atiku ya samo Zayyanu, mai sayar da hatsi a Kasuwar Daji, wanda ya rabu da gonarsa don ya mallaki shagon.

3. Kai shi da rani
Da damina ruwan kwata ta cikin shagon yake bi.

4. Bayyana aibi
Wajibi ne, don haka ka bayyana da yawa: ɓera, ƙofar bayi mai ƙara, zakaran maƙwabta. Mai saye zai gaji, ya yaba gaskiyarka.
"Shagon ga hwa, Malam Atiku?" in ji Zayyanu.
"Alhaji, hukuma da kanta ta zo ta dube shi."

5. Wanke kanka a gaban shaidu
A tasha, mai sayar da tsohuwar mota cewa yake "tarin ƙarfe na sayar maka," shi ke nan babu dawowa. Atiku ya karɓi kuɗin gida daban, na shago daban, sannan ya ce wa Zayyanu, "Tulin ƙasa na sayar maka."
Mai unguwa Magaji ya dube shi. "Atiku, gida ne wanga, ba akori-kura ba."
Ka miƙa wa irin wannan dattijo goro, baki ya samu abin yi.

A kula
Duk abin da ya biyo baya, kai da kafaɗarka. Zayyanu ya kai ƙara kotun Shari'a, alƙali ya tambayi Atiku: in tulin ƙasa ya sayar, don me ya yi cinikin shagon daban? Atiku ya nemi a ba shi lokaci. Buhunan geron Zayyanu suna cikin shagon, katafilar rusau tana bakin titi, ana jiran a kawo mata mai.