Rasuwar Goggo Kunne, Rikodar da Cuku Ya Kashe

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, ƙyama kuma ta zo ta hau kai ta zauna, Marlene Kowalik ta garin Ypsilanti a ƙasar Amurka, a madadin ƙungiyarmu ta masu adana tarihin baka na labaran ƙagen kimiyya, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar rikodarta, wadda kowa ya fi sani da Goggo Kunne. Marigayiyar ta cika ne ranar Asabar ɗin taron masoya irin waɗannan labarai na hunturun bana, a wani ɗakin taro na otal ɗin nan na kusa da filin jirgin sama, a gaban jama'a masu yawa waɗanda ko ɗaya bai ɗaga yatsa ba. Ta haura shekara talatin a bakin aiki. Amma ba tsufa ne ya kashe ta ba, kuma duk wanda ya sake ce wa Marlene dama lokacinta ya yi, to ya kuka da kansa.

Marlene tana yarinyar ma'aikaciya a gidan waya ta sayi marigayiyar, kwance, daga hannun wani malamin makaranta. Tun daga nan ba su rabu ba. A hammata take ɗaukarta, daga Detroit zuwa Toledo zuwa Chicago, duk inda masoya labaran kumbo da halittun wasu duniyoyi suka kama otal suka taru. Ta ɗauki muryar tsofaffin marubuta da haƙoransu na roba suna ƙwas-ƙwas, da ta masu zanen bangon mujallu, da ta waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu suna juya injin buga takarda a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan iyayensu. Da yawansu yanzu suna ƙasa, ba inda muryarsu ta rage sai wurin Goggo. Wanda ya zauna da ita ba zai manta ƙat ɗin da take yi in an danna ta ba, da wannan shuuu mai sanyi da take ja kafin mutum ya buɗe baki.

An shaidi marigayiya da haƙuri, irin haƙurin da har haushi yake ba mutum. Ku da kuka san warin ɗakin taro a rana ta uku, lokacin da mutanen da za su lissafa maka nisan taurari da ka suka kasa gano inda banɗakin wanka yake, kun san abin da ta shaƙa. Gumin da ya kwana cikin rigar dodon roba, ta shaƙa. Tusar da ake saki a layin baya a ɗora wa kujera laifi, ta ɗauka ta adana. Gyatsa, tauna, tsotsar haƙori, kakin majina, duk suna nan cikin tarihi daram, domin Goggo ba ta taɓa zaɓen abin da za ta ji ba. Haka dokar ƙungiyarmu ta ce, kuma Marlene da hannunta ta rubuta ta: ba a katse mai magana, ba a kashe rikoda, kowa ya sayi katin shiga yana da baki. Mun daɗe muna alfahari da wannan doka.

Babu wanda ya ci moriyarta kamar Duane Hufnagel. Ga waɗanda Allah ya tsare ba su san shi ba, Duane mutum ne ɗan wajen shekara sittin, mai gemun da za ka iya karanta abin da ya ci tun Juma'a a cikinsa, kullum a kujerar gaba, kullum da faranti a cinya. Ɗauki kowane kaset na marigayiya ka saka, ba za ka yi nisa ba za ka ji wannan:

"Ni fa ba tambaya gare ni ba, ɗan tsokaci ne kawai."

"Zauna, Duane!"

"Minti ɗaya, jama'a."

"Minti ɗayanka na bara ma bai ƙare ba!"

Sai dariya, sai ya ci gaba abinsa. Mun mai da shi abin nishaɗi, kamar karen maƙwabci mai haushi da aka saba da shi.

Ciwon ajalin marigayiya gajere ne, amma sai an koma baya kaɗan za a gane nauyinsa. Ardith Vandermolen, tsohuwa mai shekara casa'in da 'yan kai, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masoya ta farko a yankin nan, a bayan wani kantin magani. Wannan ƙungiya ta dare biyu a zama ɗaya. Mijin Ardith, Lyle, shi ya miƙe ya fita da rabin jama'a, kuma daga wannan fitar bai sake kwana a gidansa ba. Ya bar ta da jaririya, Noreen, wadda yau kanta fari fat da furfura, ba ta san ubanta ba, ba ta san abin da ya kore shi ba. Masoya sun haura shekara sittin suna musu a kan dalili, wasu su ce rigimar injin buga takarda ce, wasu su ce wani sharhi ne mai zafi. Ardith ba ta taɓa cewa uffan ba, ko ga 'yar da ta haifa.

Shekara da shekaru Marlene tana bin tsohuwar nan. Ta kai mata kek, ta kwashe mata ƙanƙara a ƙofar gida, ta zauna ta sha shayinta mai ɗanɗanon ruwan wanke-wanke ba ta yamutsa fuska ba. A bana Ardith ta amince, bisa sharaɗi: a wurin taro za ta faɗa, cikin mutanenta, Noreen ba za ta kasance a ɗakin ba, amma kaset ɗin na Noreen ne. Marlene ta sayi sababbin batura, ta goge kan marigayiya da auduga, ta ajiye ta a tebur kamar mai ajiye jariri. Ga abin da Goggo ta ji, yadda ta ji shi:

"Ta kama, Marlene? Jar fitilar nan ce alamar tana jina?"

"Tana jin ki, Mama Ardith. Yi maganarki yadda kika saba."

"To. Noreen, 'yata, na san a kicin za ki saurari wannan, kin tsuke baki irin na ubanki. Na kasa faɗa miki ido da ido, shi ya sa zan faɗa wa akwatin nan. Ranar da ubanki ya tashi ya fita, ba don wani injin buga takarda ba ne. Da safen ranar, ni da shi..."

"Gafara dai, Mama, in ɗan sa baki a nan. Batun injin nan na yi bincike a kansa sosai."

"Ɗan nan, ina wurin fa."

"Ƙwarai, Mama, shi ya sa abin zai burge ki. Abin da mutane ba su gane ba shi ne..."

Kai! Duane, mutumin da ko cikinsa ba a ɗauka ba lokacin da abin ya faru, shi ya tsaya yana karanta wa matar yadda aurenta ya mutu. Marlene ta ji kunnuwanta sun ɗau zafi. Dokar da ta rubuta da hannunta ta hana ta katse shi. Ta dubi jama'a ko wani zai taimaka, mu kuwa muka yi abin da muka saba. A kaset ɗin ana jin wani yana cewa "Ga shi nan, an kunna shi," ana jin dariyarmu, ɗaki guda. Tir da mu.

Daga nan Duane ya ga bayanin ba zai fita daga kujera ba, sai ya taso ya zo teburin don ya zana da yatsa inda kowa ya zauna a taron da bai halarta ba. Zane na buƙatar hannu biyu. Ya duba inda zai aje farantinsa, bai ga wuri mai lebur kamar bayan Goggo Kunne ba. Ku da kuka leƙa ɗakin ciye-ciye na taro kun san cukun nan, narkakke, ruwan ɗorawa, wanda ke kan wuta tun Juma'a har ya yi fata a sama, kowa ya wuce ya tsoma soyayyar masara ya gatsa ya sake tsomawa. Shi ne Duane ya lafta a farantin takarda, ya ƙara nama da wake a kai. Takarda ta jiƙe, gindinta ya ɓule. Abin ya bi ramukan lasifika, ya bi ƙofar kaset, ya gangara cikin marigayiya a hankali, ɗumin injinta yana ƙara narka shi, Marlene na kallon fuskar Ardith ba ta lura ba.

Goggo ta yi ta maza. Ta ci gaba da ja, injinta na nishi, shi ya sa a ƙarshen kaset muryar Duane ta koma siririya kamar ta sauro, amma ko kalma ɗaya tasa ba ta yar ba. Abin da ta ji na ƙarshe a duniya shi ne:

"Ka gama, ɗan nan? Na gaji."

"Abu ɗaya ya rage, Mama."

Sai ƙurrr, sai ƙat, jar fitila ta mutu.

Abin da ya biyo baya Marlene ta so a bar shi, amma ƙungiyarmu ba ta share tarihi. Da Duane ya ɗaga farantinsa ya ga ɓarnar, sai ya ɗauki soyayyar masara, ya kwashe cukun da ke kan gawar, ya kai baki. A gaban idonmu, ko sanyi ba ta yi ba. Marlene ta fita da gudu, kuma kwandon sharar da ke bakin ƙofa ya san sauran labarin. Kafin ta dawo lokacin ɗakin ya ƙare, masu takubban roba sun yi cirko-cirko suna jiran nasu zaman. Mutane suka yi ta miƙa wayoyi, kowa na cewa tasa ma tana ɗaukar murya. Ardith ta sa rigar sanyinta, ta ɓalla maɓallai har wuya, ta ce a kai ta mota. Sau ɗaya ta tara ƙarfin zuciyar yin maganar nan a rayuwarta, an kuwa cinye mata shi. Ta ce wa Marlene wataƙila ta sake gwadawa in ƙanƙara ta narke. Ba ta ga narkewar ba, Allah ya jiƙan rai.

An kai marigayiya wurin wani mai gyaran rediyo a Ann Arbor. Ya kwance murfi, ya toshe hanci, ya mayar da murfi. Kaset ɗin dai an ciro shi, Marlene ta bi zarensa da auduga tana gogewa tana kawar da kai. A tsohuwar motarta kaɗai ake da abin sauraron kaset, nan take zama a gareji ta saka shi ta sake sakawa, ko Allah zai sa akwai wata jimla ta Ardith da ta maƙale a ƙarƙashin surutun. Babu. Akwai tarinta, akwai inda ta nemi ruwa ba wanda ya ji.

Marigayiya ta rasu ta bar mijinta, makirufo mai ɗaurin salatif a wuya, wanda tun ranar bai ce komai ba. Ta bar aminin ƙuruciyarta, fensirin da ake naɗe zaren kaset da shi in ya warware. Ta bar 'ya'ya da jikoki, kaset-kaset cike da kwalayen takalmi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan Marlene, waɗanda in aka tace muryar Duane daga cikinsu, Allah kaɗai ya san ko rabi zai rage. Akwai kuma wata waya mai sulɓi da ke ta shisshigi tana kiran kanta magajiya, iyali ba su san da ita ba.

Jana'iza ta yi jinkiri saboda ƙasa ta daskare, shebur ba ya shiga. Gawar tana gareji cikin leda biyu, har yanzu in rana ta ɗan yi zafi ana jin warinta daga kan titi. Yanzu ƙasa ta saki, za a binne ta ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a bayan gidan Marlene, gindin bishiyar tuffa. Ba a buƙatar furanni. Kada wanda ya zo da abinci, musamman mai ruwan ɗorawa. Babu jawabi, babu tambaya, babu tsokaci. Masu zuwa su yi wa Allah su yi wanka.

Da an rufe rami, Marlene za ta kama hanyar Muskegon ta kai wa Noreen kaset ɗinta, domin alkawari aka yi. Duk lokacin da Noreen ta bugo waya, abin da Marlene ta iya faɗa mata shi ne kaset ya tsira. Ba ƙarya ta yi ba, amma tun ranar abinci ba ya mata daɗi. Noreen har ta je ta nemo abin sauraron kaset ta ajiye a teburin kicin, ta ce ita kaɗai za ta fara ji, sannan ta kira 'ya'yanta. Akwai wurin mutum uku a motar. An sanar da duk wanda ya yi dariya a ɗakin nan cewa in yana da abin da zai faɗa wa matar idan kaset ya kai inda ya tsaya, ya zo ya shiga. Zuwa lokacin fitar da wannan sanarwa mutum ɗaya ne ya amsa, Duane Hufnagel. Ya ce kada Marlene ta damu, shi zai yi wa Noreen bayanin komai.