Daktur Na'ibi da Warƙoƙin Hajiya Mastura

Duk Sa'alaba, unguwarmu a Jidda, babu mai ilimin Alhaji Na'ibi, kuma shi da bakinsa ya sanar da mu, saboda haka babu gardama. Aikinsa kai takardun mutane ofisoshi, sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, da bin sawun kafili, ɗan ƙasar da ke tsaya wa baƙo. Sai dai ya daɗe yana riƙe takarda a hammata har ilimin cikinta ya tsotsu zuwa jikinsa, muka wayi gari ya zama Daktur. Tabarau gare shi guda biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi, na goshin saboda tunani.

Maganinsa na kowace cuta ɗaya ne: taglif, wato a sa takarda cikin leda a tura ta injin zafi ta fito da tauri tana sheƙi. Iƙama taglif, katin asibiti taglif. Katin ɗaurin aurensa ma ya sha, shi ya sa katin ya fi auren daɗewa.

To, akwai Hajiya Mastura, maƙwabciyarmu, 'yar Hausawan Sudan. Tana da gafaka mai warƙoƙi huɗu, ragowar wani tsohon littafin addu'o'i da aka rubuta da hannu a kan fatar barewa, tun zamanin da ba a san kakan kakan kowa ba. Gefensu zayyana ce ta ruwan zinariya da shuɗi, kamar ƙofar masallaci. Kakanninta suka taho da littafin a ƙafa. Gara ta ci rabonta, kogi ya ci nasa, huɗun nan suka tsira. Duk macen gidansu da za ta haihu, ana ajiye mata gafakar a wajen kai. Ga 'yarta Larai da cikin fari, wata ya kusa.

Sai ambaliyar Jidda ta 2009 ta shigo mana har ɗaka. Gafaka ta sha danshi, warƙoƙin suka fara tabo. Daktur ya ji labari, ya zo da tabarau biyu.

"Hajiya, wannan turasi ne, kayan tarihin duniya! A Turai ganye ɗaya irin wannan gini guda ake yi masa, da mai gadi. Ku kuwa kun cusa shi cikin jakar akuya. Ba ni nan, in ceto shi daga hannun jahilci."

"Alhaji, fata ce fa. Kuma a dawo min da su kafin Larai ta durƙusa."

"Fata, takarda, duk ni ne likitansu. Halas, magana ta ƙare."

Bai tafi shi kaɗai ba, don ilimi ba ya son kaɗaici. Ya tara dattawa, ya cika mota har wani shagon hoto a unguwar Sharafiyya. Ya yi lacca a bakin ƙofa kan Andalus da Timbuktu, kamar can aka yanke masa cibiya. Ya ture mai shagon gefe, ya ce hannun da bai san tarihi ba ba zai taɓa ba. Ya jera warƙoƙin cikin leda, ya murɗa zafi har ƙarshe, wai tsohon abu sai wuta mai ƙarfi.

"Yalla, ku shaida. Shekara dubu nan gaba za a ambaci sunana."

Ta farko ta fito a ƙudundune. Wani mai ƙaramin sani da ya tsaya. Daktur ya ce injin ne bai gama ɗumi ba, ya tura ta biyu. Shago ya ɗauki ƙauri irin na ganda a bakin mahauta. Ya ce ƙamshin tsufa ne ke fita, ya tura ta uku da ta huɗu. Dattawa suka toshe hanci da gefen rawani, don girmamawa.

Abin da ya kawo wa Mastura a ambulan bai fi tafin hannu ba, a murɗe, launin ƙasa, zinariyar ta dunƙule cikin leda. Ya ajiye da hannu biyu.

"Daga yau ruwa ba zai ƙara taɓa su ba har abada."

Gaskiya ya faɗa. Mastura ta karɓa. Ta mayar da su gafaka, ta shiga ɗaki, muka ji kukanta ta bango.

Larai ta sauka lafiya, namiji, Allah ya yi nasa ikon. Daktur ya zaga unguwa yana cewa albarkar gyaransa ce. Ranar suna ya iso da babbar riga, ya wuce maza har tsakar gida, ya miƙa hannuwa.

"Kawo angon nan, Hajiya, in sa masa albarka."

Mastura ta ƙara rungume jikanta, ta juya masa kafaɗa.

"A'a, Alhaji. Wannan ma fata ce."