Fitilar Rozina Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin nauyinsa, Wenzu Tabone, tsohon makanikin jirgin fito na tsibirin Gozo, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa ganin haske yana leƙowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin da ke bayan matakalar gidansa, cewa Fitila ta rasu. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan bikin Ista, tana bakin aikinta, a rataye inda aka rataye ta tun ranar da ta shigo gidan. Ba ta yi jinya ba.

Marigayiyar ba haifaffiyar tsibirin nan ba ce. A kwali ta iso, a shekarar da doka ta yarda kowane gida ya shuka wiwi tushe huɗu, muddin ba a hango shi daga titi. Rozina, matar Wenzu, ita ta aika aka kawo ta don ta shuka nata a cikin ɗaki, lokacin da ciwon ƙashi ya hana ta barci, magungunan asibiti kuma suka hana ta cin abinci. Wenzu bai so ba. Ya ce bai yi furfura don a riƙa nuna gidansa da baki a ƙofar coci ba. Rozina ta ce to ya zaɓa, ko a nuna gidan da baki, ko ya ci gaba da sauraron nishinta har gari ya waye. Washegari shi da kansa ya hau tsani ya huda rufin ɗakin.

Waɗanda suka yi zama da marigayiyar sun shaide ta da riƙon alƙawari. Ba ta taɓa makara ba. Kafin ƙararrawar coci ta farko, ɗan agogon da ke kunna ta zai ce ƙyas, ita kuma ta amsa da zzzz, kamar ƙudan zuma a cikin kwalba, ta riƙe wannan murya har bayan kowa ya ci abincin dare. Iyakar maganarta ke nan a duniya. Ba ta kai gulmar kowa ba, a garin da in ka yi atishawa a kicin za a yi maka sannu a kasuwa. Da sanyi, lokacin da bangon dutse ke tsattsafo da danshi, ɗakinta kaɗai ke da ɗumi, har Rozina kan shanya safar Wenzu a bayan ƙofa. Aibinta ɗaya, kuma ba za a ɓoye shi don ta mutu ba: tana shan wutar lantarki kamar ba gobe.

A ƙarƙashin haskenta Rozina ta yi rainon ƙasa kamar yadda wasu ke rainon jikoki. Ba ta yarda da takin kwalba ba. Kashin zomayen maƙwabcinsu Kelinu take karɓowa ta bar shi ya huce, ta haɗa da ciyawar teku da ta wanke wa gishiri, da dakakken ɓawon ƙwai, da tokar itacen inabi, sannan ta zuba tana, tsutsar ƙasa, su yi sauran aikin. Takan ce ita ba shuka take ciyarwa ba, ƙasa take ciyarwa, ƙasar ta san yadda za ta yi da 'yarta. Takan damƙo ƙasar ta kai wa Wenzu hanci, shi kuma ya kau da kai ya ce ya ji. Daga furen da ta samu take dafa man da take shafawa, da wanda take ɗigawa a shayi, kuma ta samu barci.

Amma babban aikin marigayiyar, wanda saboda shi ake wannan sanarwa, shi ne tsaron shuka ɗaya da Rozina ke kira Uwa. Wiwi yana da wata ɗabi'a. Muddin yini ya fi dare tsawo sosai, yana zaton bazara ce, sai ya yi ta fitar da ganye, ba ya fure, ba ya tsufa. Ranar da dare ya fara tsawo sai ya gane kaka ta zo, ya yi fure, daga furen kuma sai mutuwa. Rozina ba ta taɓa barin Uwa ta ga dogon dare ba. Rassanta take yanka ta dasa, su ne ke fure a wani kabad su mutu, ita kuwa Uwa tana nan shar. Aikin Fitila ke nan, ta yi wa shuka ɗaya ƙarya kullum cewa har yanzu bazara ce, kuma ta yi shi da gaskiya da amana.

Da Rozina ta rasu, Wenzu bai sake dasa reshe ba. Ba ya shan wiwi, ba shi da wanda zai dafa wa mai. Uwa kaɗai ya riƙe. Yana karɓo kashin zomo, yana daka ɓawon ƙwai, in ta yi tsayi ya rage mata ya zuba wa tana. In agogo ya ce ƙyas ya tashi, ya haɗa kofi, ya shiga ɗakin ya zauna a kan bokitin da aka kife. Mutane suka ce ya yi haƙuri, ya riƙe kansa. Gaskiyar ita ce bai yi kuka ba, bai yi dariya ba, kuma in an tambaye shi wane wata ake ciki sai ya tsaya ya yi tunani. Abin tausayi ne, kuma duk mun gani mun yi shiru.

Ga yadda ajali ya zo. Bayan Ista, kamar kowace shekara, Fada Dun Salv, limamin cocinmu, yana bin gida gida yana yayyafa ruwan albarka ɗaki bayan ɗaki. Kullum Wenzu kan kulle wannan ɗakin ya ce tarkace ne a ciki, Dun Salv kuma ya yayyafa wa ƙofar ya wuce. Bana yayarsa Karmena ta zo tun da sassafe ta goge gidan kamar za a ɗaura aure, ta kuma gano makullin a cikin tsohon takalmi. Karmena mace ce da ba ta taɓa ganin rufaffiyar ƙofa ta bar ta da lafiya ba. Ta daɗe tana cewa wannan ɗakin ne ya riƙe ƙaninta, kuma ɗakin da albarka ba ta shiga ba ai ba a san abin da ke kwana a ciki ba. Kafin Wenzu ya sauko daga sama, ta wangale ƙofar ta tura tsohon limamin ciki.

Dun Salv bai firgita ba. Ya tsaya yana ƙifta ido cikin hasken, ya shaƙi warin, ya yi murmushi.

"Ashe nan ne ake haɗa man gwiwata," in ji shi. "Allah ya jiƙan Rozina. Shekara biyu da shi nake hawa matakalar coci."

Don godiya ya tsoma abin yayyafin har ƙasan bokiti, ya ɗaga hannu sama yadda bai yi wa kowane ɗaki ba. Ruwan sanyi ya sauka a kan ƙwan fitilar da ke zafi tun asuba. Marigayiyar ta ce tas, kalmarta ta ƙarshe ke nan. Gilashi ya zubo a kan ƙasar Rozina, ɗan hayaƙi ya fito daga akwatin wutarta, ɗakin ya yi duhu, ya yi shirun da bai taɓa yi ba. Masana addini a unguwar sun tabbatar cewa ba a taɓa samun fitilar da ta cika da kyakkyawan ƙarshe irin wannan ba.

Tsohon ya riƙe hannun Wenzu yana cewa ɗana ka yafe mini. Wenzu ya ce ba komai Fada, ya kai shi kicin ya yanka masa wainar Ista, ya raka shi har ƙofa. Sannan ya dawo ya durƙusa yana tsince gilashi daga cikin ƙasar da yatsunsa. Ya yanke a wuri biyu, sai da Karmena ta nuna masa jinin ya lura.

Marigayiyar ta rasu ta bar ƙaramar fanka, abokiyar aikinta, wadda yanzu take kaɗa iska a ɗakin da ba kowa. Ta bar rabin buhun kashin zomo, da tana masu yawa da ba su san abin da ya faru ba. Ta bar agogo, wanda har yau yake cewa ƙyas a kan lokaci, ya jira, ba a amsa masa ba. Ta kuma bar Uwa.

Wenzu ya ɗauko tukunyar Uwa ya ajiye a kicin, gefen tagar tsakar gida, inda rana ke leƙowa ta gaisa ta wuce. Kelinu ya buɗe akwatin wutar ya ce ya ƙone ƙurmus, ba gyara. Karmena, da laifi ya hana ta sukuni, ta hau jirgin fito ta sayo sabuwar fitila, irin ta zamani mai faɗi kamar faranti, wadda ba ta zafi ba ta ƙara, ta dire kwalin a kan teburin kicin. Wenzu ya yi godiya. Ya riƙa ɗora kofinsa a kan kwalin.

Kwanaki suka wuce. Kelinu ya kawo kashin zomo wata safiya, ya sunkuya ya duba Uwa, ya ga fararen gashi siri siri sun fito a kowace gaɓa. Ya miƙe a hankali.

"Wenz, ta fa fara fure. In ka rataya waccan sabuwar fitilar yau ko gobe, za ta koma ganye. In ka bar ta ta wuce makon nan, ba mai dawo da ita. Kawo tsani, ni zan hau, kai ka riƙe mini kawai."

Wenzu ya ce ya gani tun shekaranjiya. Karmena, da ke wanke kwanonin da ta riga ta wanke, ta juyo ta sauke masa duk abin da ke cikinta. Ta ce in haushinta yake ji ya zage ta ta huta, amma kada ya kashe abin da matarsa ta bari don ya hukunta ta. Ta ce ita ta buɗe ƙofar, ta sani, ba ta barci. Ta yi kuka sosai, irin wanda shi bai yi ba. Ya bari sai da ta gama.

"Yaya, ba haushinki nake ji ba," ya ce. "Tun da Rozina ta tafi, a ɗakin nan bazara ake yi. Ni na gaji. Ina jin ita ma ta gaji."

Kelinu ya ajiye buhun a bayan ƙofa ya fita.

Za a yi jana'izar marigayiyar ranar Asabar da safe. An naɗe ta a tsohon bargo, Kelinu zai ɗauke ta a bayan motarsa zuwa inda ake karɓar matattun kayan wuta, kuma Dun Salv ya nemi a ba shi wuri a gaba, ya yi alƙawarin zuwa hannu rabbana. A hanyar dawowa za a biya ta tashar jirgi, Karmena ta mayar da sabuwar fitilar shagon da ta fito, a kwalinta, ba a buɗe ba. Iyalan suna roƙon kada kowa ya kawo wata.

Za a karɓi ta'aziyya a kicin. Masu zuwa za su tarar da Uwa a gefen taga, tana furen da ba ta taɓa yi ba, ƙamshinta ya cika gidan, ganyenta na ƙasa sun fara rawaya. Ana iya dubawa, ba a taɓawa. Ana roƙon kowa ya tashi kafin faɗuwar rana, domin ba za a kunna wuta a kicin ɗin ba. Shukar tana buƙatar darenta cikakke, Wenzu kuma ya ce zai zauna da ita har ta gama.