Kabad Baƙi, Bango Kalar Shayi

Wani ne fa, Allah Ya haɗa shi da suruka mai ido. Ba masifa take yi ba, kallo ne kawai aikinta. In ta zo gidan ta ga ƙusa a karkace, sai ta kalli ƙusar, ta kalle shi, ta ce, "Allah Ya kyauta." Shi ke nan. Tun ranar da ya hau kujera zai canza kwan fitila ya sauko da rabin silin a kansa, ba ta ƙara ce masa wani abu ba sai wannan. Shi kuwa duk duniya ba abin da yake so irin matar nan ta buɗe baki ta ce masa madalla. Ko sau ɗaya ne, ya ishe shi.

To ita kuma matarsa ta addabe shi da wani hoto a wayarta. Hoton kicin ne. Kabad-kabad baƙi wuluk suna sheƙi, sumul ba ko mariƙi a jikinsu, bango kuma ruwan ƙasa mai daɗin kallo. Ya tashi da safe, hoto. Ya dawo aiki, hoto. Yana cin abinci ma sai ta jingina wayar jikin kofin ruwansa. Ran nan ya gaji ya ce mata ai ruwan ƙasa kala-kala ne, wanne take nufi?

Ta ce, "Kalar shayina dai, Maigida. In na zuba madara."

Ana nan sai ta tafi ganin gida, a kan za su dawo tare da mahaifiyarta ƙarshen mako. Motar da ta shiga ba ta gama shan kwana ba mutuminku ya naɗe hannun riga, zai mayar da kicin irin na hoton. Maƙwabcinsa kafinta ne, ya ce ya bari ya taya shi. Ya ƙi. Shi madallar nan ba zai raba ta da kowa ba.

Baƙin fenti ba wuya, baƙi baƙi ne. Ruwan ƙasan ne aiki. Hoto ya tafi da mai shi, in kuma ya ce ta turo masa, asiri ya tonu. Sai a lokacin ya tuna duk shekarun nan bai taɓa haɗa mata shayi ba. Kai, cikin kofinta ma bai taɓa leƙawa ba.

Ya dafa shayi ya zuba madara, ya yi fari. Ya ƙara shayi, ya yi duhu. Ya ƙara madara, kofi ya cika, ya juye a jug. Jug ya cika, ya juye a tukunya. Sai da ya kai ga bokitin wanki kafin ya samu kalar da ransa ya kwanta da ita. Ya ɗebo kofi guda, ya hau babur, hannu ɗaya a kan babur ɗaya riƙe da kofi, yana tafiya a hankali har masu keke na wuce shi.

Ya isa shagon mai fenti, ya ajiye kofin a kan kanta, suka gaisa, ya fita gyara wa babur tsayuwa. Yana dawowa ya tarar da mai fenti na goge baki.

"Na gode, maigida. Sai dai sukarin ya yi kaɗan."

Mutuminku ya leƙa kofi, ko ɗigo babu. Ya ce masa ai wannan ba na sha ba ne, samfur ne, kalar bangon matarsa ce ya shanye. Mai fenti ya ce to ai da ya faɗa, shi ya ɗauka mutunci ne.

"Buɗe bakin in gani, ko da saura."

Mai fenti ya buɗe. Suka taru da wani mai sayen burushi suka leƙa. Ba a samu komai ba.

Haka ya koma gida ya ciko filas daga bokiti, ya rungumo shi kamar jariri. Wannan karon ko wajen gaisuwa bai saki kofin ba. Mai fenti ya dinga haɗawa, ya ɗiga ja, ya ɗiga rawaya, ya ɗiga baƙi, ya juya, ya zuba a wani kofin ya ajiye kusa da na shayin. Mutuminku ya ce da saura. Aka ƙara. Ya ce ya zarce. Aka rage. Har maƙogwaronsa ya bushe don gardama, ya miƙa hannu ya ɗauki kofi ya kurɓa.

Fenti ne.

Yana tari yana tofarwa, mai fenti ya gyaɗa kai ya ce to alhamdu lillahi, kala ta yi daidai.

Bango dai ya yi kyau, gaskiya ba za a ɓoye ba. Saura kabad. Nan ya zauna ya yi tunani irin na masu hankali: kada fenti ya ɓata kayan mutane. Sai ya kwashe komai ya zuba a ciki. Tukwane, faranti, cokula, wuƙaƙe, butar shayi, ganyen shayin, madarar, har ashana. Ya tuna kabad ɗin hoto ba su da mariƙi, ya kwance duk mariƙan, ya zuba su a ciki, ya ɗora sukudireba a kansu. Wayarsa ma ya sa ta a na sama don kada ta ɓaci. Ya rufe ƙofofi ruf.

Ya shafa baƙi. Ya ja baya ya duba, sai ya ga tsakanin ƙofa da ƙofa tsohon farin yana leƙowa. Bai yi masa ba. Ya cika tsagar da fenti, fenti ya zurare. Ya samo gam ɗin katako ya ɗura, ya bi da fenti, ya sake bi, ya sake bi, har sai da kabad ɗin nan suka koma kamar dutse guda aka sassaƙa. Yana kallon fuskarsa a ciki yana murmushi.

Washegari yunwa ta tashe shi. Ya shiga kicin ya miƙa hannu, ba abin kamawa. Ya sa farce, farce ya karye. Ya nemi wuƙa, ya tuna inda take. Ya nemi sukudireba, ya tuna inda take.

Dole ya je ya kirawo kafinta. Kafinta ya shigo ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya shinshina, ya tambaye shi me ya ɗura a tsagar. Da ya ji, sai ya nemi wuri ya zauna ya yi dariya har da hawaye. Ya ce buɗewa kam za su buɗu, amma sai da kurfi da guduma, kuma fentin nan duk sai ya ɓaɓɓalle.

Mutuminku ya tare gaban kabad da hannu biyu. Ya ce ba mai taɓa su sai Mama ta gani. Yunwa ai ba ta kisa a 'yan kwanaki. Daga ranar kullum lokacin cin abinci sai ga shi ƙofar kafinta, wai ya zo neman shawara.

Ranar dawowa ya sha wanka, ya sa sabbin kaya, sai dai ƙasan farcensa baƙi. Matar tana sauka ta fara mita, ta yi ta kira bai ɗauka ba. Ya ce wayar ce ta ɓata. Ya durƙusa ya gaida suruka, ya karɓi jakarta, ya ce kafin su zauna akwai ɗan abin da yake so Mama ta sa wa albarka.

Ya tura ƙofar kicin.

Matar ta dafe ƙirji. Ta kalli kabad, ta kalli bango, ta kalle shi, ido ya ciko da ƙwalla. Ta ce wallahi kalar shayinta ce sak, ashe duk shekarun nan yana lura. Ya sunkuyar da kai ya ce ai dole.

Suruka ta shigo a hankali. Ta gyara tabarau. Ta shafa bango, ta duba yatsa. Ta shafa kabad, ta duba yatsa. Ta ɗaga kai ta nemi abu a karkace, ba ta samu ba. Mutuminku na tsaye yana jira. Ya ga leɓenta ya motsa. Ya ga ta ja numfashi. Har ya ɗan ranƙwafa don ya karɓa da kyau.

Sai kabad ɗin sama ya fara waƙa.

Matar ce, ta ce bari ta gwada kiran wayar ko wani ya tsinta. Ta yi dariya ta miƙa hannu za ta buɗe. Ba mariƙi. Ta ce oho, irin na zamani ne, dannawa ake. Ta danna. Ta sake dannawa. Ta sa kafaɗa.

Suruka ta mayar da numfashinta inda ta ɗauko shi. Ta ja kujera ta zauna, ta ce hanya ta gajiyar da ita, a ɗan haɗa mata shayi. Mutuminku ya ce shayin gida ai ya yi nauyi ga wanda ya sha tafiya, bari ya je waje ya sayo. Ta ce ba ta shan na waje. Ta tambayi buta, ya nuna kabad. Ta tambayi wuƙa a ɓamɓare, ya nuna kabad. Ta tambayi mariƙan da ke jiki a da, ya nuna kabad. Waya dai na ta waƙa.

Suruka ta kalli kabad. Ta juyo ta kalle shi.

Matar ta riƙe ƙugu ta ce, "Maigida, tsakaninka da Allah, ta ina ake buɗe su?"

Ya ce, "Ke ma dai da neman magana. A hoton da kika nuna min, kin ga ko ɗaya a buɗe?"