Rasuwar Babbar Ƙofa a Bayan Rumbu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kan da ya kasa ɗagowa, Baba Nathan Shago, manomi a ƙasar Kunci, yana sanar da rasuwar Babbar Ƙofa, wadda ta cika ranar Talata a bayan rumbunsa, inda ya jingine ta da hannunsa.

Marigayiya da icen maɗaci aka yi ta, gabanta duk sassaƙa. Ta yi zamaninta a bakin zauren wani tsohon otal a birnin Kano, mai zankwaye a sama da rufin ɗaurin guga a ciki. Baba Nathan ne mai tsaronta tun yana saurayi har ya yi furfura. Ba ta da surutu. In baƙo ya iso ta ce “ƙiii”, in ya fita ta ce “gam”, ba ta taɓa faɗin wanda ya kwana ba.

Da aka rushe otal ɗin don a gina shaguna, ita kaɗai ta fita da rai. Aka danƙa wa Baba Nathan ita amana. Ya kawo ta ƙauye, sai ta fi kowane ɗakinsa tsawo, ya rantse zai gina mata zaure daidai da ita. Tun daga nan kullum sai baɗi. Tubalin da ya buga dominta, ginin garken awaki ne ya cinye.

Cutar ajalinta gara ce, wadda ko ɗacin maɗaci bai hana ba. Matarsa Marta ta sha gaya masa tana jin ƙus-ƙus a jikin ƙofar, ya ce kunnenta ne, alhali shi ma yana ji. Ranar Talata bunsuru ya sosa ƙeya a jikinta, ta zube ba ko sallama. Baba Nathan ya ce kada a doki bunsurun, ya san mai laifi.

Ta rasu ta bar sakata guda da ƙusoshi masu tsatsa, da tsoho ɗaya da ya kasa cin tuwo.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi. Ba a buƙatar masu haƙa: za a sa ta a ramin tushen zauren da ya tona tun shekarar da ta zo. An gwada, ya yi mata daidai.